Ranar da Maigari Ya Zama Kwamfuta

Ruwan tafki ya kai wa Maigari gwiwa, amma bai daina tafiya ba. Malamar da ta zo daga Yelwa koya wa yara tsara umarnin kwamfuta ta dafe kai. Yau ne fa zai yanke ko ajin zai ci gaba.

Ita ta jawo. Da ya tambayi amfanin karatun, sai ta ce ya zama kwamfuta, kada ya yi komai sai abin da yara suka faɗa. Jikarsa ta ce, "Taka gaba, ka yi ta maimaitawa." Ba ta ce ya tsaya ba.

"Ranka ya daɗe, dawo!" in ji malama.

"Ba ke ke ba ni umarni ba."

Sai da ruwa ya kai ƙugu jikar ta gama dariya, ta ce, "Tsoho, juyo!"

Ya fito riga na ɗiga. Malama ta fara ba da haƙuri, ya katse ta.

"Haka injin yake, ba ya tunani?"

"Haka yake, ranka ya daɗe."

"To, wawa irin wannan ba a barin shi hannun jahilai. Gobe ki zo da wuri."