Fasa Ƙofar Birni a Kuje

Motar ta tsaya a bakin kasuwar Kuje, mayaƙan gicciye suka sauko suna neman ruwan leda. Hulunan yaƙinsu na kwali ne, takubbansu katako ne da aka shafa wa fenti, kowa da jan gicciye a ƙirji. Ebenezer, mai ba da umarni, ya zauna a gefen kwalbati ya dafe kai.

Fim yake haɗa wa cocinsu, a kan wata rundunar Kiristocin Turai ta zamanin da. Ta ɗaura niyyar Urushalima, sai wani yarima da aka kora daga gidansu ya yi mata daɗin baki, ta ɓige da fasa Kustantiniyya, birnin 'yan'uwanta Kirista. An ɗauki komai, saura fasa ƙofar birni, kuma Fasto ya riga ya sanar cewa ranar Lahadi za a nuna. Ga shi yanzu an bugo waya daga Yangoji, inda suka nufa: ruwan sama ya narkar da ganuwar kwalin da suka gina can. Kunya ce tsagwaronta ke jiran Ebenezer, shi kuwa ya gwammace zazzaɓi da a yi masa dariya.

Sai wani mutum ya taso daga bencin mai shayi, rigarsa duk ta yamutse, wuyansa cizon sauro rututu. Ya ce sunansa Andrew.

“Oga, katanga kake nema? Akwai wani gida nan baya, babban get, dama za a canza shi. Mutanen ciki ma sun iya aktin, ba sai ka koya musu ba.”

Ladan da ya nema kawai shi ne a ba shi hular yaƙi mai rufe fuska ya fito a fim. Ebenezer ya ji kamar ya goya shi. Andrew ya koma gefe ya kara waya a kunne, ya dawo ya ce an shirya.

Katanga dai ta yi katanga, doguwa, ga get na ƙarfe da sabon kwaɗo. Wani ƙaton kare ya leƙo ta ƙasa yana haushi, ya shinshina takalmin Andrew, ya koma kaɗa bindi. Ebenezer ya yaba da tarbiyyar karen.

“Ku buga ta hagu,” in ji Andrew daga cikin hula. “Sakatar wajen ba ta da ƙarfi.”

Rita, mai ɗaukar hoto, ta saita kyamara. Ebenezer ya ɗaga hannu ya sauke, runduna ta ɗauki gungumen icce ta yi kan get da ihu.

Bugu na farko, wata mata ta bayyana a saman katanga, ɗankwali a ɗaure tamau. Ta sheƙa musu ruwan wanke-wanke. Bayansa toka, bayan toka ruwan barkono. Hulunan kwali suka yi laushi, jarumai suna atishawa suna kiran Yesu da gaske. Wani ƙato daga mawaƙan coci ya yar da takobi ya ruga, matar ta wurga masa muciya, ta same shi a tsakiyar baya.

Daɗi ya kashe Ebenezer. Tunda yake bai taɓa ganin 'yar wasa mai fushi daga zuci irin wannan ba. Har ya fara tunanin ba ta babban matsayi a fim na gaba.

A ƙarshe sakata ta karye, get ya wangale, runduna ta kwarara ciki tana kirarin nasara. Andrew ne a gaba, kuma bai tsaya inda aka ce a tsaya ba. Ya wuce falo kai tsaye, ya rufo ƙofa.

Ebenezer ya tsayar da ɗauka, ya nufi matar da murmushi har kunne, idonsa na zubar da hawayen barkono.

“Madam, Allah ya yi miki baiwa! A wane fim kika taɓa fitowa?”

Ta dube shi, ta dubi get ɗinta a karkace, ta gyara ɗaurin zani.

“Wane fim? Wancan da kuka shigo da shi mijina ne. Tun ranar da ya yanka akuyata ya yi wa abokansa farfesu na kulle shi a waje.”