Fatar da Ta Ƙi Kamawa

Ranar Talata Likita Raihana ta huda ƙashin ƙugun Hafizu, ta zuƙo ɓargo.

Motar albasa ce ta bi ta kan ƙafarsa a hanyar Maiyama, ta tsaga ƙashin ƙauri, ta kwashe naman. A wani asibiti a Jega aka juyo fata daga sharaɓarsa, da jijiyoyinta, aka rufe wurin. Kwana huɗu ta yi baƙi. Aka sake yanko wata fatar. Wannan ce ta ƙarshe: in ta mutu, ƙafa ta tafi.

Shi ya sa likita ta tace ɓargon, ta ware ƙwayoyin da ke tsirar da sababbin hanyoyin jini, ta bi gefen fatar da allura tana zuba su. Ta naɗa bandeji sako-sako, ta yi gargaɗi: ko ƙuda kada ya danna wurin, jini na neman hanya.

Mahaifin Hafizu, Malam Maiwada, mutumin Aliero, ya gyaɗa kai. Mai jinya ne irin wanda asibiti ke roƙon Allah ya ba shi. Ba ya gardama, ba ya tambaya, ba ya barin gefen gado. In allurar barci ta ɗauke Hafizu bayan azahar, shi ke jan labule don yaro ya huta.

Laraba fatar ta yi ja, likita har da murmushi. Alhamis ta yi shuɗi. Likita ta ga wasu layuka siri-siri a jikin fatar, ta kira nas Zinatu ta wanke ta tas kan naɗin bandeji. Zinatu ta rantse, ta yi kuka, aka mayar da ita wani ɗaki.

Asabar wari ya riga likita zuwa bakin ƙofa.

Litinin aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Likita ta fito ta zauna a kan benci, ta kasa cire safar hannu. Karatu take tuhuma, da na'urar tace ɓargo, da kanta. Tsohon ya matso, ya durƙusa kusa da ita.

“Bari kuka, ɗiyata, ba laihinki ba na. Ƙafag ga ba mai tsayawa ba ta. Ni da kika gani, shekarata arba'in ina ɗori. Duk sadda kunka fita sai na jera mata kara na ɗaure tamau har la'asar, amma wallahi ta ƙiya.”