Ranar da Jaki Ya Halbi Inna

Har yau in na ji warin albasa, la'asar nan nike tunawa. Zamanin Nasara ne, muna ƙauyen Lahodu, Inna na da tsohon ciki. Tana sauke mangalar albasa, jakinmu ya halbe ta a ciki. Ta zauna ƙasa, ko kuka ba ta yi ba.

Kakata ta duba zanen Inna ta ce, "Babu jini, ba komi. Wa ka zuwa Wurno ganin likita don jaki?"

Inna ta aza hannuna bisa cikinta. "Ɗiyata, mi kinka ji?"

Na jira. Babu motsi.

Ba a haifi jaririn da rai ba. Shi ya sa duk mai cikin da anka buge nike ce mata, tafi asibiti yanzu, ko babu jini.