Kafin Mai Wurin Ya Iso

"Ki ci abinci tukuna, mai wurin yana hanya," in ji dattijon ma'aikacin, ya ajiye mata miya.

Kwana ta yi a mota don ta zo neman aikin kuku a nan. Gidan abincin yana can ƙololuwar bene, birnin duk ya baje a ƙasa, cokula jere kamar kayan tiyata. Ta duba waya, ta duba ƙofa, ta kai cokali baki.

"Ya miyar, 'yata?"

"Kai, Baba, ba a magana!"

Ya kawo gasasshen kifi. Ta ɗan tsakura, idonta na kan ƙofa, tana maimaita amsoshin da ta haddace.

"Kifin fa?"

"Ban taɓa cin irinsa ba. Baba, anya mai wurin zai zo kuwa?"

Dattijon ya cire rigar aiki, ya ja kujera ya zauna gabanta.

"Ai ya zo tun ɗazu. Miyar ban sa mata gishiri ba, kifin kuma da gangan na ƙona gefensa. Tambayoyina biyu ne kacal, 'yata, kuma kin amsa su."