Ba Ƙwayar Magani Ba

Injiniya da Sakatariya suna zagaye na uku a bayan ofis, tafiyar da likita ya ɗora musu saboda hawan jini, sai Injiniya ya tsaya.

"Malama, likita ya ce kaɗaici ke cina, in nemi mai kula da ni. Shi ne na ce ko ke..."

Sakatariya ta dube shi. Wata takwas tana jiran bakin nan ya buɗe, ashe takardar asibiti zai karanto mata!

"Da likita bai faɗa ba fa?"

Ya hau gyaran agogon hannunsa.

"Ni ba ƙwayar magani ba ce, Malam. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta wuce abinta. A kwanar da ya saba hutawa ta rage sauri, ta kasa kunne. Babu takun kowa a bayanta.