Ba Shi da Mata

"Da kin ce kina wurin, da yanzu kina cikin jirgin Ikko!"

"Yaya, in yi ƙarya? Wace mace ka taɓa gani a wurin ɗaurin aurenta?"

Matan Yakasai kuwa, kun san halinsu, kowacce ta manna kunne a katanga. Ita wannan baiwar Allah, mijinta direban gwamnati ne, mota ta kife da shi, yana asibitin Ikko yana ta kiran sunanta. Matarsa kaɗai za a ba izinin ganinsa. Da yayanta ya kai ta ofis, Bature ya nemi takardar aure, babu. Ya nemi limamin da ya ɗaura, ya daɗe a kushewa. Sai ya sa tafinta ya tambaye ta ko ta ga ɗaurin da idonta.

Baiwar Allah ta faɗi gaskiya: tana ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi aka shigo da goro, aka ce an shafa fatiha. Bature ya ajiye alƙalaminsa.

Ita da yayanta suna cikin wannan cacar baki a gida masinjan ofis ya yi sallama a zaure.

"Malam, sai haƙuri, ya cika jiya. An ce in sanar da danginsa, tunda ba shi da mata."

Ba ta yi kuka ba. Ta zare 'yan kunnen da ta tare da su, ta damƙa wa yayanta.

"Miƙa wa masinjan. Ya tambayo mini Bature, takabar wa zan shiga?"

Ta shige ɗaki, ta buga ƙyaure har ƙasa ta zubo daga azara.