A Ƙara Ragewa

Tun ranar Talata nake yawo da wani abu a ƙirjina, na kasa faɗa wa kowa a gidan nan.

Bara ne likita ya ce sai na rage ƙiba. Na kusa hamsin, gwiwoyina sun fara ƙin ɗaukata, ga hawan jini. Ya ce in ban rage ba wata rana a zaune zan dinga salla. Maganar ta tsorata ni.

Da farko abu ya tafi daidai. Na bar sukari a koko, na bar soye-soye. Duk ƙarshen wata sai na je kemis ɗin da ke kan hanyar Kusugu na hau sikeli, na ga ya sauka. Zannuwana suka fara yi mini yawa.

'Yata Amatullahi ce ta tsaya mini. Shekararta sha shida, tana sakandare. Ni karatuna a firamare ya tsaya, don haka ita ke duba mini a waya, ta ce shinkafa kalori kaza ce, cokalin mai kalori kaza. A hankali ta karɓe girkin rana da na dare. Tukunyar miya biyu take ɗorawa, ta gida da man shanu, tawa ƙarama ba mai. Ni kuma a ɗaki nake ci, don in na ga ana ci a tsakar gida raina biyawa yake. Ita a kicin take cin nata.

Har ƙanwar mijina Adawiyya da ta zo daga Sandamu sai da ta yaba. Ta ce, "Kin ji daɗi, Yaya. Sai dai ki ja mata kunne, don jikinki ta ɗauko sak." Muka yi dariya, na ce ai kullum ina faɗa mata kada ta zama irina.

Bayan babbar salla sai sikeli ya tsaya. Wata ya wuce, wani ya biyo, ko motsi. Na koma asibiti. Nas ɗin ta ce haka jiki yake in shekaru suka ja, ba ya ƙona abinci kamar da, kuma tunda na ragu to abin da jikin ke bukata ma ya ragu. Ta ce na ɗan ƙara ragewa kaɗan, kada na zafafa.

Na dawo na ce, "Amatu, a rage mini tuwon nan."

Ta ce, "To, Umma."

Ni dai a idona malmalar ba ta canza ba, amma ta ce ta auna, wayar ta ce daidai ne. Abin da ya faranta mini, miyar kukar da a da nake haɗiya kamar magani ta fara yi mini daɗi. Na ce ashe gaskiya ne, baki yana sabawa.

Wata ya sake zagayowa, sikeli na nan inda yake. Na ce a ƙara ragewa. Ta ce to. Daga baya na sake cewa a ƙara.

Daga nan na fara zargin maigidan. Malam Zakiyyu fataucin dabbobi yake, kuma tun farko bai so abin ba. Cewa yake, "Ki rame a gidana, dangi su ce ba na ciyar da ke?" Ya sha shigowa da tsire ya ajiye a gabana, wai ya manta. Na ce ba shakka shi ya sa yarinyar nan take zuba mini mai a ɓoye, ita kuma ba ta iya yi wa ubanta musu.

Na tare shi da maganar. Ya rantse. Na ce ban yarda ba. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ita kuma Amatullahi ta yi shiru a gidan, ko a tsakar gida da hijabi take yawo, tana cewa sanyi take ji. Na ɗauka faɗanmu ne ya dame ta.

Ranar Talata na ce zan je barka a maƙwabta, sai la'asar zan dawo. Na zauna a can har na kintaci ta sauke tukunya, sannan na lallaɓo. Niyyata na kama ta da kwalbar man shanu a hannu, na kai ta gaban ubanta ta faɗi gaskiya.

Na tsaya a jikin tagar kicin. Ba ta taɓa kwalbar ba. Ta ɗauko kulata, ta sa cikakkiyar malmala, ta buɗe babbar tukunya ta gida ta zuba mini miyar, ta rufe. Sannan ta jawo ƙaramar tukunyar nan tawa marar mai zuwa gabanta ta zauna.

Zafin wuta ya sa ta cire hijabi. Rabon da na ga hannun 'yata tun daga kafaɗa har na manta. Daga ƙashi sai fata. Na koma da baya a hankali, na fita ƙofar gida na zauna a dakali.

Har yau ban yi mata magana ba, ban faɗa wa ubanta ba. Ina tsoron in na yi faɗa ta daina cin ɗan abin da take ci. Don Allah iyaye mata, ku gaya mini ta ina zan fara. Tuwon da na gani a gabanta bai kai loma uku ba, domin duk sanda na ce a ƙara ragewa, Amatullahi ta rage, amma daga nata kwanon.